Kwandon Taubashi

Gidan Malam Ya'u Mai Ɗinki,
Ƙofar Galadima, Birnin Zariya.
Ranar Asabar.

Zuwa ga Kande, gidan Inuwa, Rafin Kanya.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida yara, ina tambayar damina da aikin gona. Tunda har yau ba a gyara ƙarfen sabis ɗinku ba, kin ga kun mayar da ni 'yar makaranta, ina laluben biro a ƙarƙashin gado. Bahago direba ne zai kawo miki wannan. In kin ga maiƙo a jikinta, daga aljihunsa ne.

Ranar Laraba in Allah ya kai mu muna nan tafe kasuwarku, ni da Malam. Na gaji da kayan miyan cikin gari. Kuɓewa sai ta gama yawon duniya ta yi yaushi, sannan a kasa mini ita ana wani ɗaga kai. Ni wadda aka tsinko da safe nake so, wadda in ka karya bakinta za ka ji ƙas. Zan haɗo da ɗanyar masara da gauta da rama. Ki ajiye mini daddawarki, kada ki ce ta ƙare kamar wancan karon.

Amma kin san ba kuɓewa ce za ta kawo Malam ba. Watan Cika-ciki ya kama, lokacin da taubasai ke karɓar shararsu, shi kuwa tun da aka ga wata bakinsa bai rufu ba. Shi ɗan mace, mijinki ɗan namiji, kuma tun suna yara ba su taɓa yin wasan nan irin na mutane ba. Kowa a miƙa masa ɗan abin da ya samu ya yi godiya, shi ya ce ba a ba shi, ɗauka yake. Bara zakara ya sunkuta daga rumfar Inuwa, Inuwa ya bi shi har tasha da takalmi ɗaya, mutum biyu masu furfura, kasuwa tana ta dariya. Zakaran ya zo Zariya, hular Malam ta zauna Rafin Kanya. Bana ya rantse sai ya ɗauke kwando guda cur. Kada ki gaya wa Inuwa. Ko kin gaya masa ma ba komai, mijinki bai iya gudu ba.

Na ji an ce an zuba 'yan sintiri a kasuwar tun abin da ɓarayin daji suka yi muku da rani. Allah ya kiyaye gaba. Hakan ya yi, ko ba komai mutum ya yi cefanensa hankali kwance.

Da yamma za mu dawo, don akwai babbar riga a hannun Malam, aikin aska takwas, mai ita kullum yana ƙofar gida. Ki yi mana dambu, kada ki cika masa yaji.

Ki gaida ubangidan namu na ƙarya. Allah ya kai mu Larabar.

Taki,
Tayyiba.

*

Asibiti, Wusasa.
Ranar Juma'a.

Kande,

Sallama dai, don ba a fara takarda ba ita.

A barandar asibiti nake rubuta miki wannan, a kan gwiwata. Na san labari ya zo miki, gidanku da kasuwa ba nisa. Amma ina so ki ji daga bakina.

Mun iso da hantsi ana yayyafi. Kasuwa ta cika, ga ƙanshin gasasshiyar masara tun daga tasha, ga gauta fari tas an tsiba, ga alayyafo da ruwa a jikinsa. Raina ya yi fari. A bakin shiga na ga samari da gorori da bindigogin toka, ba fuskar da na sani ko ɗaya, suna kallon kowa ɗaya bayan ɗaya. Na gaishe su ba su amsa ba. Malam ya zari wani tsohon buhu a motar Bahago, ya ninka shi ya kifa a ka irin na manoma, ya rufe har goshi, wai don kada Inuwa ya hango shi. Ya ce da ni, "Tayyiba, je ki rumfar mata. In kin ji ihu, ni ne."

Na tafi na durƙusa gaban wata tsohuwa ina zaɓen kuɓewa. Can sai na ji an ce ɓarawo. Na yi dariya, Kande. Na ce da tsohuwar, "Mijina ne," na ci gaba da karya bakin kuɓewa ina jefawa a leda. Har ƙari na roƙa ta ba ni. Ita ce ta fara miƙewa tsaye. Ta ce, "'Yar nan, ihun nan ba dariya a cikinsa." Sai na ga mahauci ya wuce a guje da itacen rumfa, mai albasa ya bar albasarsa ya bi shi, na ji wani yana cewa a kawo taya.

Ban san yadda na ratsa mutane ba. An buge ni a baki, gyalena ya tafi. Abin da na fara gani gauta ne a warwatse cikin taɓo, ana tattaka shi. Sannan na ga ƙafar Malam. Sun kewaye shi, gora tana sauka kamar ana sussuka. Wani ya take masa wuyan hannu da takalmi, wani ya ɗago dutsen da ake danne tabarmar rumfa da shi ya sauke a kan yatsun, ya sake ɗagawa ya sake saukewa. Hannun dama, Kande. Hannun da ke zare allura ta wuce ba ka ga ramin da ta bi ba. Ina ihu mijina ne, malamin ɗinki ne daga cikin gari, ba wanda ya ji. Wata mata da goyo a bayanta ta matso ta zuba masa ruwan zafin da take dafa gyaɗa. Ban taɓa ganinta ba, shi ma bai taɓa yi mata komai ba.

Da ba don Bahago ya kutso da motarsa yana danna oda ba, ruwa kuma ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, da toka zan kwaso. Ni da shi muka ɗora Malam a bayan mota, a kan buhunan masarar mutane. Akwai wani ma kwance rub da ciki a gefe, taɓo ya rufe shi, wasu suna jansa. Ban tsaya dubansa ba, na ɗauka cikin masu dukan ne aka tattake, na ce Allah ya ƙara.

Muƙamuƙinsa ya karye, an ɗaure, ba ya magana. Haƙarƙari ya taɓu. Hannun kuwa likita ya ce mu yi addu'a.

Yanzu ga tambayata. Ina Inuwa? A gaban rumfarsa aka yi wannan, kayansa aka ɗauka. Kalma ɗaya ta ishe shi. Ban gan shi a wurin ba, ban gan shi a asibiti ba, ko saƙon sannu bai aiko ba. Maƙwabta na Ƙofar Galadima har da waɗanda ba ma ga maciji da su sun zo. Ki tambayar mini shi.

Tayyiba.

*

Rafin Kanya.
Ranar Asabar.

Zuwa ga Yaya Tayyiba.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina yi miki sannu da wannan jarrabawa, ina yi wa Malam sannu da jiki. Allah ya sa kaffara ce, Allah ya tashi kafaɗunsa, ya mayar masa da hannunsa.

Takardarki ta same ni, na karanta ina kuka. Ranar nan ina gida, na sauke dambu na rufe, ina jiran ku. Har yau ban iya wanke tukunyar ba.

Yaya, maigidan ba ya jin daɗi, shi ya sa ba ki gan shi ba. Ba raini ba ne. Mai unguwa kuma ya tara mutane ya ce kowa ya kama bakinsa a kan maganar kasuwa har ƙura ta lafa, ko a baki ko a takarda. Ni mace ce a cikin garin mutane, ki yi mini uzuri.

Ga ɗan abin da ya samu na bayar a kai wa Bahago tasha. Ƙwan zabi ne da man shanu da sabuwar masara, a yi wa Malam kunu tunda ba ya tauna. Daddawarki tana ƙasan kwandon.

Ki yi haƙuri, ki ƙara haƙuri. A gaida Zulkiflu da sauran yara.

Ƙanwarki,
Kande.

*

Ƙofar Galadima.
Ranar Litinin.

Kande,

Ga kwandonki nan ya dawo yadda ya zo. Ƙwan da suka fashe ni na fasa su.

Ba ya jin daɗi? Ciwon kai ne ko mura? A gaishe shi, a ce Allah ya sawwaƙe. Nan kuwa an yanke wa Malam yatsu biyu, babba da manuni. Na tambayi likita ko zai ƙara riƙe allura, ya dube ni ya dubi takardarsa. Mai rigar nan ya zo jiya ya yi jaje, ya naɗe abarsa da allurar a soke inda Malam ya tsaya, ya kai wa wani. Ban ga laifinsa ba. Amma da ya fita na shiga ɗakin ɗinkin na zauna a kan buzun Malam, na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Ba sai kin tambayar mini mijinki ba, na samu amsa. Bahago ya ji a tasha daga bakin shugaban 'yan sintirin da kansa. Ya ce su ba su da laifi. Da suka kama Malam da kwandon gauta a ka, ba su fara duka ba. Sun jawo shi har gaban rumfa, suka yaye buhun, suka ce, "Inuwa, ka san wannan?" Mijinki ya dubi ɗan gwaggonsa, wanda suka ci tuwo a akushi ɗaya, ya ce, "Ni? Ban san shi ba." Bahago ya fara wani amma, na ce ya riƙe ammansa, ya fitar mini daga zaure.

Na je na faɗa wa Malam. Ya yi ta gurnani yana kaɗa kai yana nuna mini wani abu da hannun hagu, hawaye na zuba. Na ce ya kwanta, na gane, ba sai ya wahalar da kansa ba.

Zulkiflu yana tsaye a bakin gadon, ya ji komai. Kin san shi, ba mai hayaniya ba ne. Ya juya ya fita. Ya koma shagonsa na walda ya rufe ƙofa, yini guda maƙwabta suna jin ƙarar dutsen wasa ƙarfe. Da ya shigo cin abinci na ga ƙarfen da ya wasa a naɗe cikin buhu, tsawonsa ya kai kamu biyu. Ya tambaye ni ko har yanzu rumfar Baba Inuwa tana kusa da bishiyar kanya. Na ce tana nan. Na ga abin, Kande, kuma ban ce ya ajiye ba.

Ina gaya miki ne don kada ki ce an yi muku ba zata, irin yadda aka yi mana. Kada ki sake rubuto mini. In kin rubuto ba zan buɗe ba.

Tayyiba.

*

Rafin Kanya.
Ranar Talata.

Yaya Tayyiba,

Assalamu alaikum. Na roƙe ki don Allah da darajar iyayenki ki karanta wannan har ƙarshe. Mai unguwa ya yi mini duk abin da zai yi.

Abin da Bahago ya gaya miki gaskiya ne. Maigidan ya faɗi haka. Ɗanladi ƙanensa yana rumfar, shi ya ba ni labari. Ya ce da aka jawo Malam, dariya Malam yake yi, maigidan ma yana danne tasa. Bara Malam ya ci shi, bana ga shi an kawo masa shi a hannu. Sai ya murtuke fuska ya ce bai san shi ba, so yake a ɗan ja wa Malam kunne ya roƙe shi, kasuwa ta yi dariya kamar kullum. Ya manta yaran nan baƙi ne daga wasu garuruwa aka ɗauko su. Ya manta waɗanda suka kwashe mana mutane da rani, da buhu a ka suka shigo, kamar masu sayen hatsi. Bai rufe baki ba gora ta sauka a fuskar Malam.

Daga nan maigidan ya fara ihu, na san shi, ɗan gwaggona ne. Ya riƙe wannan ya riƙe wancan, aka hankaɗe shi. Da ya ga ba mai ji, sai ya faɗa a kan Malam ya rufe shi da jikinsa. Ɗanladi ya ce sun daɗe a haka, duka yana sauka a bayansa. Wani ya kawo itace ya same shi a ƙeya, sannan aka janye shi gefe aka koma kan Malam.

Mutumin da kika gani rub da ciki a taɓo, Yaya, shi ne.

An kawo mini shi a amalanke, jini yana fita ta kunnensa. Mai magani na garinmu ya ɗinke wurin. Ya farfaɗo, yana ci in an ba shi, yana tafiya. Amma tun ranar maganarsa ɗaya ce. In na kai masa ruwa sai ya ce, na san shi, ɗan gwaggona ne. Liman ya zo dubiya, abin da ya gaya masa ke nan. 'Yarmu Fa'iza ta ce Baba, ya dube ta ya faɗa mata haka. Bai san sunana ba. In ya ji hayaniya a waje sai ya miƙe ya nufi ƙofa, sai na sa sakata.

Na ɓoye miki ne don kunya. Da wane baki zan ce miki mijina ma yana kwance, alhali bakinsa ne ya jawo? Amma ke ma kin rubuta mini cewa da kika ji ihun dariya kika yi. Ban faɗa don in ɓata miki ba. Dukanmu mun ɗauka kasuwar bara ce.

Gobe Laraba. Ki riƙe Zulkiflu, ko da za ki kwanta a bakin ƙofa ne. Ba don maigidan kaɗai ba. Mutanen nan a tsorace suke, kuma kin ga abin da suke yi in sun tsorata.

Ƙanwarki mai roƙo,
Kande.

*

Rafin Kanya.
Ranar Alhamis.

Yaya Tayyiba,

Assalamu alaikum. Ɗanki yana da rai. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran.

Takardata ta Talata ta dawo mini a rufe. Na haɗa ta da wannan, Zulkiflu zai kawo miki su da hannunsa. Ki fara da waccan.

Jiya da hantsi ina shanya sai na ga ƙofar zaure a buɗe, maigidan ba ya ɗaki. Na bi shi da zane ɗaya da ɗankwali. Tun da aka kawo ni garin nan ƙafata ba ta taka kasuwa ba sai jiya, don haka abin da zan gaya miki da idona na gani, ban da farkonsa.

Farkon, in ji Ɗanladi, sun zo su uku a babur. Zulkiflu ya tsaya gaban rumfa ya ce ina Baba Inuwa. Ɗanladi ya ce zauna in gaya maka. Bai zauna ba. Ya shure kwandon tumatir, ya shure na tattasai, ya kware buhun ya zaro ƙarfen. Ɗanladi ya tare da hannu, ƙarfen ya shiga har ƙashi. Da mata suka ga jini suka ce ɓarayin daji sun dawo. Abokan nasa suka ja babur suka bar shi.

Lokacin da na iso an riga an kayar da shi. Na ga ana dukansa da ƙotar fartanya, na ga haƙorinsa a ƙasa kusa da tumatir ɗin da ya zubar. Jiya ba ruwa, Yaya, rana ce tas. An zura masa taya har kafaɗa. Mai sayar da fetur a kwalba ya kawo da kansa, ba wanda ya saya, ya juye masa a ka. Yaron nan bai roƙi kowa ba, idonsa kawai yake kaɗawa yana neman wanda ya sani. Na yi ihu har muryata ta tafi. Wa zai ji ni?

Sai ga maigidan, da tsumma a ka, ba takalmi. Bai ture kowa ba, tafiya kawai yake, mutane suna matsawa don sun san halin da yake ciki. Ya durƙusa ya rungume Zulkiflu da tayar da komai, fetur ɗin ya jiƙe masa riga. Kin san yaron fuskar ubansa ya ɗauko. Ya ɗaga kai ya ce, na san shi, ɗan gwaggona ne. Ya sake faɗa. Ya yi ta faɗa.

Wani saurayi yana riƙe da ashana, ya riga ya zaro tsinke. Kasuwa ta yi tsit, ba ka jin komai sai muryar maigidan da kukan wata akuya. Shugaban 'yan sintirin, wanda ya yi masa tambayar wancan karon, ya matso ya karɓe ashanar ya sa a aljihu. Ya ce, "An ji, Inuwa. An ji." Mahauci ne ya cire tayar. Mutane suka fara zamewa ɗaya ɗaya, kowa yana kallon ƙasa.

A gidanmu Zulkiflu ya kwana. Na wanke masa kai da sabulu har ruwa uku, warin bai fita ba. Idonsa ɗaya a rufe yake, amma ƙashi bai karye ba. Na ba shi takardar da kika ƙi buɗewa ya karanta. Da ya gama ya fita bayan rumbu ya yi ta amai. Maigidan kuwa ya riƙe masa wuyan hannu ya ƙi saki, ko alwala sai tare suka yi.

An ɗinke hannun Ɗanladi. Ya ce ba shi da magana da hukuma, amma kada ya ƙara ganin Zulkiflu a rumfarsa sai shi ya neme shi. Ƙarfen yana ƙarƙashin gadona. Ba zan aiko shi ba.

Ban riƙe ki da komai ba, Yaya. Na gaji ne kawai. A gaida Malam da jiki.

Kande.

*

Ƙofar Galadima.
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Inuwa mai gudu da takalmi ɗaya.

Salamu alaikum. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun hagu ne, kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Da ma kai ba wani karatu ka iya ba. Kande ta karanta maka a hankali.

An sallamo ni. Bakin yana nan a ɗaure, Tayyiba ta samu yadda take so, ita kaɗai ke magana a gidan.

Inuwa, na ji ka. Ina ƙarƙashinka, bakinka yana kan kunnena. Kowace gora da ta sauka a bayanka na ji ta a ƙirjina. Na yi ta ƙoƙarin in gaya musu a asibiti, ba baki ba hannu. Ka faɗa, na ji, kasuwa ma ta ji. Ya isa haka, ka huta.

Maganar farkon kuwa, da ni ne a rumfar kai ne da kwandon, abin da zan faɗa ke nan, har in ƙara da cewa ka yi kama da ɓarawon akuya. Ka riga ni ne kawai.

Ɗana ya zo ya kashe ka, ka dawo mini da shi. Wannan ba ni da abin cewa a kai.

Yanzu maganar kwandona. Na ɗauka, kowa ya gani, don haka nawa ne. Gautan ya zube, ka cika wani. Hulata ta bara ma a wanke ta. Kada ka ga yatsuna sun ragu ka ce ka huta, takwas ɗin sun isa ɗaukar kwando.

Bawanka da ya fi ƙarfinka,
Ya'u.

Kande, Tayyiba ce a ƙasan nan. Na karanta duka biyun. Na ɗauki biro tun safe ban san ta inda zan fara ba. Ni na nuna wa yaron nan hanyar rumfa. Ki gaya wa Ɗanladi zan zo da kaina in durƙusa. Ki yafe mini ƙwan nan da abin da ya fi ƙwan. In kin sake aiko masara zan karɓa.

*

Rafin Kanya.
Ranar Litinin.

Yaya Tayyiba,

Assalamu alaikum. Na gode Allah da aka sallamo Malam. Na yafe, ni ma a yafe mini. Masara tana motar Bahago.

Na zaunar da maigidan a inuwar rumbu na karanta masa takardar, a hankali yadda Malam ya ce. Ya kasa kunne, bai faɗi maganar nan tasa ko sau ɗaya ba. Da na kai ƙarshe na ce, daga Malam Ya'u ce, ɗan gwaggonka.

Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ce, "Ya'u? Ban san shi ba."

Tun ranar kasuwa wannan ce sabuwar magana ta farko da ta fita bakinsa. Na duba fuskarsa da kyau in ga ko dariya yake dannewa. Gefen bakinsa ya ɗan motsa, amma tun da aka buge shi yakan motsa haka. Na kasa ganewa, Ɗanladi ma ya kasa.

Ranar Laraba ki taho da Malam. Kada ku bi ta kasuwa, ku zo gida kai tsaye. Na cika kwandon gauta na ajiye a gaban maigidan, na rataye hular a kai. Malam ya shigo ya ɗauka, mu ga ko zai tashi ya bi shi.

Ƙanwarki,
Kande.